Keken Alhaji Mamman Mai Cin Hagu

Samarin unguwarmu sun ɗauka sana'ata ba ta wuce a sauke kwali daga motar Kano, a yage leda, a ware keke a miƙa wa mai saye ba. Wani ya taɓa ce mani, "Alhaji Lawal, ai kai ka huta. Kayanka ba su ruɓewa, kuma wanda ya zo saye hankalinshi a tashe yake, ba ya tsayawa ciniki." Ban yi mashi musu ba. Shagona na kekunan marasa lafiya ne da sanduna da katifun zama, a nan Ƙofar Marusa, kuma kowa na iya buɗe irinsa gobe. Abin da ba ya zuwa cikin kwali shi ne sanin jikin wanda zai hau.

Gyaran keke na fara koyo, wurin Malam Iro, Allah ya jiƙansa. Guragun gari kusan duk wurinsa suke kawo kekunansu masu ƙafa uku, irin waɗanda ake tuƙawa da hannu. Ranar da ya fara bar mani ɗaya in gyara, na ɗaure sarƙa, na sa giris, na ce na gama. Bai duba ba. Ya ce in hau, ya ɗauko tsohon tub na taya ya ɗaure mani ƙafafu a jikin ƙarfe, ya ce in je bakin titi in dawo. Kafin in kai kwana kafaɗata ta ɗauki zafi, domin hannun tuƙin ya yi nisa da mazauni. Da na dawo ya ce, "To, kai yanzu za ka sauka. Shi mai keken a nan zai wuni." Iyakar darasin ke nan, bai ƙara kalma ba.

Kayan aikina har yau ba su da yawa: sifana, filaya, famfo, gwangwanin giris, boris ɗin ƙafar keke na canji, wuƙar yanka soso, da tef irin na tela. Tef ɗin ya fi sauran aiki. Ina auna faɗin ƙugu, da tsawon cinya, da nisan gwiwa zuwa ƙasa. Amma kafin in ciro shi sai na yi tambaya uku. Me ya same shi? Wane ɓari ne? Yana magana? Masu saye kan ji haushi, su ce keke muka zo saye, ba asibiti muka zo ba. Ni kuwa na san keken da ya dace da mai karayar ƙafa na iya yi wa mai ciwon laka illa.

Wani ɗan acaɓa ne ya fara nuna mani haka. Mota ta buge shi, bayansa ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi. Mahaifinsa ya zo ya zaɓi keke, ya ce a cire katifar zama, ba sai da ita ba, tunda yaron ba ya jin komai a wurin. Na ce ai saboda ba ya jin komai ne ya fi kowa buƙatarta. Laka ita ce babbar hanyar da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki, tana cikin ƙashin baya. Umarni na sauka ta cikinta, labari na hawa ta cikinta. Kai da kake zaune kana karanta wannan, ka gyara zama sau da yawa ba ka sani ba, domin fatarka ta aika saƙo cewa ta matsu. Shi saƙonsa yana zuwa inda lakar ta yanke sai ya tsaya. Zai iya wuni a kan makulli bai sani ba, sai an ga gyambo. Ba na sayar wa irinsa keke babu katifa, ko da za a fasa cinikin.

Ba da kaina na gano waɗannan abubuwa ba. Akwai wata ma'aikaciyar sashen gashi a asibiti, Madam Rifkatu, mutuniyar Filato, ita ke koya wa masu shanyewar jiki motsi da tafiya. Takan turo mani mutane da bayanin abin da za a ba su, ni kuma in na kasa gane dalili sai in tambaye ta. Ba ta gajiya da bayani, sai dai ba ta raga mani. Ita ta gaya mani cewa ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, kuma jijiyoyin da ke fitowa daga cikinta suna tsallakawa wajen ƙeya kafin su gangara, shi ya sa ɓarin dama ke riƙe da hagun jiki, ɓarin hagu ke riƙe da dama. Ta ce a yawancin mutane magana a ɓarin hagu take zaune. Nan na gane abin da na daɗe ina gani ban san dalilinsa ba: wanda damarsa ta shanye, sau da yawa bakinsa ma yakan ɗauke. Iyalinsa su riƙa ɗaga mashi murya kamar kurma, ko su yi ciniki a kansa kamar ba ya wurin, alhali da yawansu suna fahimta. Ni shi nake tambaya. In ajiye sanda biyu a gabansa, in ce ya nuna.

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce mafi muni a gare ni. Mutanen Maraɗi da ke saye da yawa suka daina zuwa, kaya suka yi tsada a Kano, shago ya koma rabi fanko. Wasu abokan sana'a suka koma sayar da wani abu. Ni na ɗaura akwatin kayan aiki a bayan babur na koma bin gidaje: canjin boris, ɗaurin birki, faci, rage tsawon sanda. Ba a samun wani abin kirki, amma ana ci. Kuma a wannan shekara ce na fara ganin kekunana a inda suke aiki, cikin soro da tsakar gida da bakin makewayi, ba a kan simintin shago ba.

A cikin wannan yawo ne aikin Alhaji Mamman ya same ni. Babban dillalin hatsi ne, hawan jini ya kayar da shi, ɓarinsa na hagu ya shanye. Bakinsa garau, har ya fi da surutu. Babban ɗansa Kabiru, ma'aikacin gwamnati ne, shi ya zo ya sayi keke mai kyau. Ba a jima ba ya dawo da shi a bayan mota, ya ce, "Alhaji, kekenka shina cin hagu. Baba ya tuƙa sai ya yi cikin bango."

Wannan ba baƙon ƙorafi ba ne. Mai hannu ɗaya in ya tura ƙafar keke ta dama kaɗai, dole keken ya juya hagu. Maganinsa a sauke mazauni ƙasa kaɗan, a cire matakin ƙafar dama, ya riƙa taka ƙasa da lafiyayyar ƙafarsa yana daidaita hanya. Na yi haka, na nuna wa Kabiru yadda za a koya mashi. Bayan ɗan lokaci sai ga shi kuma. Na canza boris, na auna ƙafafun biyu, na tura keken shi kaɗai a kan siminti, ya tafi sak. Na ba shi wani sabo fil. Shi ma ya dawo, fentin hannunsa na hagu duk ya goge. Ɗan kasuwa ba ya son kaya su dawo sau uku, domin na huɗun a bakin mutane za ka ji shi. Na ce zan je in gani da idona.

Na same shi a ɗakinsa na soro, da hantsi, yana zaune a keken. Ƙofa tana damarsa, kuma ta nan aka shimfiɗa darduma don masu dubiya. Ta hagunsa akwai ɗan wuri tsakaninsa da taga. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya ce, "Lawal, kai ne ka sayar wa yaron nan keke mai shan giya?" Aka yi dariya. Na ce ya tuƙa in gani. Ya tuƙa da kyau, hannu da ƙafa, keken ya miƙe. Da ya zo ƙofa sai ya ɗauki hanyar da rabin keken ba zai wuce ba, ya daki dogaran ƙofa ta hagu. Ya dubi dama, inda fili yake fal, ya ce, "Ka gani ko? Ga hanya a buɗe, ya ƙi wucewa."

Ina tsugune ina duba ƙafar keken sai wani dattijo ya yi sallama ya shigo. Ƙanen Alhajin ne, Malam Sada, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tare suke rumfar hatsi tun suna samari. Bai tsaya kan dardumar baƙi ba. Ya zagaya ta bayan keken ya je gefen taga ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce a hankali, "Yaya, ina kwana. Ya ƙarfin jiki?"

Alhaji Mamman ya juya dama, ya dubi Kabiru, ya ce, "Lafiya lau. Ai mun gaisa ɗazu."

Malam Sada ya ɗan jima a durƙushe. Sannan ya miƙe, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita. Can sai Alhaji ya ce mani, "Lawal, ka ga duniya? Mutanen kasuwa duk sun zo. Har na ƙauye sun zo. Sada ko sau ɗaya bai taka ƙafarshi gidan nan ba."

A waje Kabiru ya ba ni sauran labarin. Kwanaki kaɗan kafin ciwon, 'yan'uwan sun yi sa-in-sa a rumfa. Alhaji ya hana Malam Sada shiga ƙauyuka sayen hatsi saboda hanya ba lafiya, shi kuma ya ce in ba a shiga ba me za a sayar. Murya ta ɗaga har maƙwabta suka ji. Da Alhaji ya faɗi, sai aka fara raɗa cewa ɓacin ran ne ya tayar mashi da jini. Malam Sada ya ji. Kullum yana zuwa gaisuwa, kullum yayansa yana kawar da kai ya amsa wa wani. Kabiru ya ce, "In muka ce ma Baba ai ga shi nan ya zo, sai ya ce muna kare shi ne. Shi kuma Baba Sada ya ce mani jiya, in dai ganinshi ne ke ƙara ma Yaya ciwo, zai raba rumfa ya koma Jibiya wurin surukanshi. Har ya fara neman mota."

Ni keke na zo dubawa. Amma keken lafiyarsa ƙalau, kuma abin da ya sa ya daki ƙofa ta hagu ya yi kama da abin da ya sa bai ga mutum ta hagu ba. Ban san sunan abin ba, ban kuma san ko hasashena daidai ne ba. Na je na sami Madam Rifkatu bayan ta tashi daga aiki. Ta saurara, ta ce, "Oga Lawal, sau uku ka canza wa keke kaya ba ka tambaye ni ba? Ka ce su ba ni izini in zo. Kuma ka ce kar a ba shi abincin rana sai na iso."

Da ta zo ta gaishe shi ta dama, ta ce, "Baba, ci abincinka, ni ba na sauri." Aka ajiye mashi faranti na shinkafa da wake a kan tire. Ya ci, ya ci, ya ce alhamdulillahi, ya ƙara da cewa Hajiya ta fara rowa. Muka duba. Rabin farantin na dama ya share tas, rabin hagu ko taɓawa bai yi ba, kamar an ja layi da wuƙa. Madam Rifkatu ta sa yatsa ta juya farantin. Ya duba ya ce, "A'a, an ƙaro?"

Kabiru ya ce ko idon ne ya mutu. Ta ce za a duba idon a asibiti, amma ba ta jin daga nan ne. Ta ce ido da kunne masu kawo saƙo ne kawai. Akwai wuri a ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, sama da kunne zuwa baya, wanda aikinsa shi ne ya ce wa mutum: akwai duniya ta wannan gefen, ka kula da ita. In jini ya yanke wa wurin, saƙo zai iso amma ba mai karɓa. Mutum ba ya jin kamar an rufe mashi rabi. A wurinsa abin da yake gani shi ne duka, shi ya sa ba ya neman sauran, kuma in ka gaya mashi zai yi maka gardama da gaskiyarsa. In ya ji murya daga hagu, wani lokaci sai ƙwaƙwalwar ta jingina ta ga wanda yake gani ta dama.

Ta tambaya me ya sa Malam Sada ba ya zama kan darduma kamar kowa. Kabiru ya yi mamakin tambayar. Ya ce ai tun a rumfa haka suke. Damar Alhaji ta baƙi ce da manya, Baba Sada a hagu yake zama, kuma ba ya ɗaga mashi murya, ba ya maimaita gaisuwa in ba a amsa ba. Wato ladabinsa ne ya kai shi daidai inda yayansa ba zai same shi ba. Da marar kunya ne, wanda zai tsaya a gabansa ya ce ga ni, da tuni an wuce wurin.

Ni aka tura wurin Malam Sada, domin ni ba dangi ba ne, ba ni da ɓangare. Na same shi a rumfa yana ɗinke bakin buhu. Na gaya mashi abin da na gani, har da farantin. Ya saurara bai daina ɗinki ba. Ya ce, "Alhaji Lawal, na gode. Amma Yaya ya san muryata tun ban iya tafiya ba."

Na ce, "Ya san shinkafa ma, ya bar rabi."

Ya tsayar da ɗinkin. Ya ce, "To mi ake so in yi?"

Na ce ya shigo ya zauna ta dama, kan darduma, ya dube shi ido cikin ido.

Ya ce, "Ni? Wurin baƙi? Ai sai a ce na zo nuna mashi na girma."

Na ce, "Malam, motar Jibiya ba ta gudu. Ka gwada sau ɗaya. In ya kawar da kai, ni zan taya ka lodi."

Washegari da hantsi ya zo. Ya tsaya bakin ƙofa ya cire takalmi, ƙafarsa ta ɗauke shi za ta zagaya ta baya kamar kullum, Madam Rifkatu ta tare hanyar da jikinta ta nuna mashi darduma. Ya durƙusa a kai kamar wanda ya shiga gidan da ba nasa ba. Bai kai ga buɗe baki ba Alhaji Mamman ya ce, "Sada? Sai yau?"

"Yaya, kullum ina zuwa."

"Ƙarya kake. Ina kake tsayawa, a titi?"

"Nan gefen taga."

"Wace taga?"

Madam Rifkatu ta ce, "Baba, kar ka ɗauke ido daga kanshi. Malam, tashi ka bi ta gabanshi a hankali, ka je inda ka saba." Malam Sada ya miƙe ya fara takawa. Kan Alhaji ya bi shi, ya bi shi, da ya zo tsakiya sai ya tsaya kamar an taka birki. Ta ce, "Yi mashi magana, kar ka yi shiru." Malam Sada ya rasa abin faɗi, sai ya ce, "Yaya, gero ya tashi a kasuwa." Alhaji ya ce, "Na gaya maka kar ka sayar da wuri," kuma wuyansa ya ƙara juyawa, da ƙyar, har ya kai ga taga. Ya dubi tagar, ya dubi ƙanensa tsaye a gabanta, ya dubi wata tabarma da ta lotsa a wurin saboda zama. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Nan kake zama?"

"Nan nake zama."

"Ina amsa maka?"

Malam Sada ya sunkuyar da kai. Alhaji ya miƙa hannunsa na dama ya tsallake jikinsa da shi, Malam Sada ya kama da hannu biyu. Ni na fita duba babur ɗina.

Kar ku ɗauka ya warke a ranar. Da yamma ya sake mantawa, ya tambaya ko Sada ya tafi alhali yana zaune gefensa. Madam Rifkatu ta ce haka abin yake, ƙwaƙwalwa tana iya koyon sabuwar hanya amma sai da naci, kuma ba kowa ke dawowa duka ba. Ta hana a mayar da Malam Sada dama. Ta ce ya ci gaba da zama a hagu, ya riƙa taɓa kafaɗarsa yana kiransa da ƙarfi, ruwa da goro da rediyo duk a riƙa miƙo su ta wannan gefen. Nawa aikin kaɗan ne. Na naɗa jan ƙyalle a hannun keken na hagu, na ƙara wa birkin hagu dogon mariƙi don hannun dama ya kai gare shi, na yi mashi allon ɗora hannun da ya shanye don kar ya faɗa cikin ƙafar keke bai sani ba.

Abin da ya fi ba Madam Rifkatu wahala shi ne sa shi ya riƙa waiwayawa da kansa. In ta ce, "Baba, dubi hagu," sai ya ce ai ya duba. Jan ƙyallena ma bai yi wani tasiri ba. Abin da ya kama shi ne neman ƙanensa. Bai yarda akwai abin da ya ɓace mashi ba, amma ya yarda ya taɓa barin Sada a durƙushe bai amsa ba, kuma ba ya son ya sake. Sai ya zama duk inda aka kai shi, kafin ya yi komai, zai juya wuya a hankali har ƙarshe ya duba ko yana nan.

Ba a raba rumfar ba. Bayan damina aka fara kai Alhaji kasuwa da safe, ya zauna a keken yana sa baki a ciniki. Na bi ta wurin wata rana zan kai wa wani sanda, na tsaya gaishe su. Muna cikin magana sai ya katse, ya fara juya kai, a hankali, ya wuce ni, ya wuce buhunan dawa, har ya kai ƙarshe.

"Sada?"

Malam Sada yana zaune a kan buhu, bakinsa cike da goro, yana ɗaure bakin wani buhun. Bai ko ɗago ba. Ya ce, da ƙarfi yadda har maƙwabta suka ji, "Ina nan, Yaya. Ina za ni?"